Me ya sa fuskar da na zana a takarda mai ruwan toka take yin furu-furu?

Tambayar ta fito daga wani matashi a Tudun Wada, nan Kaduna. Ya ce shekara uku ke nan yana zanen fuskokin mutane da fensir a farar takarda, har ana kawo masa aiki ana biya. Kwanan nan ya sayi takarda mai ruwan toka da farin fensir, saboda ya ga zanen wasu a irinta yana fitowa kamar ka kai hannu ka taɓa. Nasa kuwa, duk wanda ya yi sai fuskar ta yi furu-furu, kamar yaron da aka saki da sanyin hunturu ba a shafa masa mai ba. Yana so ya sani: takardar ce ba ta da kyau, ko fensirin ne jabu?

Ƙanena, kada ka mayar wa mai shago kayansa. Ban ga zanen naka ba, amma na ga irinsa ba adadi a shekarun da na yi ina koyar da zane a garin nan, ni ma kuma na yi shi da hannuna lokacin da muke ɗalibai a Zariya. Hannunka ne ya zo da sabon farar takarda. A can, in za ka zana fuskar baƙin mutum, dole ka bi kusan ko'ina da fensir, domin duk inda ka bari fari fat zai fito. Sai hannu ya saba da cewa wurin da ba a taɓa ba, aiki bai kai nan ba. Da ka komo takarda mai launi sai ka ci gaba da haka: ka cika ɓangaren inuwa da baƙi, ka cika ɓangaren haske da fari, suka haɗu a tsakiya, ka sa yatsa ka murje. A nan tokar ta fito.

Ka ɗauki haske da duhu kamar tsani mai matakala tara, fari ƙal a sama, baƙi ƙirin a ƙasa. Mai farar takarda a saman tsanin yake tsaye, sauka kawai zai yi. Mai takarda ruwan toka ko ruwan ƙasa a tsakiya yake, wajen matakala ta biyar. Gawayi ya saukar da shi, alli ya hau da shi, matakalar da yake tsaye a kai kuwa kyauta ya same ta. Kuɗin da ka biya na wannan matakalar ne. In ka rufe ta duka, ka sayi doki ka ɗauke shi a ka. A zane mai kyau na irin wannan, sau da yawa wajen rabin abin da aka zana takarda ce tsura, ba abin da ya taɓa ta, amma mai kallo ba zai lura ba sai an nuna masa.

Akwai kuma dalilin da ya sa haɗuwar farin da baƙin take muni haka. Ƙananan ƙwayoyin farin alli in suka kwanta a kan baƙi, suna watsa hasken da ya karkata zuwa shuɗi fiye da sauran. Abin da ke sa siririn hayaƙi ya yi shuɗi-shuɗi in ya bi ta gaban bango mai duhu ke nan. To ka ga ruwan tokar da ke fitowa daga cakuɗar mai sanyi ce, matacciya, ba ta yi kama da launin takardar ba, balle fatar mutum mai jini a jika. A takarda ruwan ƙasa abin ya fi fitowa fili. Saboda haka ka bar tazarar takarda tsakanin fari da baƙi ko'ina, ko da siririya ce kamar zare. Kuma abin da ka murza baƙi da shi, auduga ce ko naɗaɗɗiyar takarda, kada ya kusanci fari. Kowanne da nasa.

Yanzu ajiye fuska tukuna. Samo dafaffen ƙwai (ɗanye ma ya yi, sai dai in ya gangaro ka shiga uku da mutanen gida), ka ɗora shi a kan ƙyalle ko kwali mai ruwan toka. Jira dare, kashe ƙwan lantarkin ɗaki, ka kunna fitila guda ɗaya tak, ko tocilan waya, daga gefe kuma ɗan sama, nisan kamar mita ɗaya da rabi. Ranar da aka ɗauke wuta ta fi kowace rana dacewa da wannan darasi, don babu hasken maƙwabta da zai shigo ya raba maka inuwa biyu.

Abin farko da za ka nema shi ne iyaka, wato layin da haske ya ƙare inuwa ta fara a jikin ƙwan. Komai na zanen a kan wannan layin yake rataye. Ɓangaren da fitila ke gani gida ɗaya ne, ɓangaren da ba ta gani gida ɗaya ne, kuma ba a auratayya tsakaninsu: wuri mafi duhu a gidan haske ya fi wuri mafi haske a gidan inuwa haske. Ka sake karanta wannan jimlar, domin yawancin zanen da ke lalacewa a nan yake lalacewa.

A gidan haske, hasken ba ya raguwa daidai wa daida kamar yadda masu koyo suke murza shi. Inda jikin ƙwan ya fuskanci fitila sosai, nan ne cikakken haske. In ya kauce da digiri 30, har yanzu yana samun kashi 87 cikin ɗari. A digiri 45, kashi 71. Sai a digiri 60 ya koma rabi, a digiri 75 ya faɗo kusan kashi 26, a digiri 90 ya ƙare. Ka ga haske yana daɗewa a sama, sannan ya gangaro da gudu dab da iyaka. Ma'anarsa a takardarka: fari kaɗan a wurin da ya fuskanci fitila, ya yi ta siracewa har ya ɓace, sai fili na takarda tsura, sai gawayi ya fara shigowa a hankali gab da iyaka. Akwai kuma ɗigon ƙyalli, wanda hoton fitilar ne kanta a jikin abu. Gane shi ba wuya: matsa kanka hagu ko dama, za ka ga ya bi ka, iyaka kuwa tana nan inda take. Wannan ɗigon kaɗai ya cancanci ka danna farin fensir da ƙarfi.

Gidan inuwa ya fi yaudara. Daga iyaka in ka shiga kaɗan, akwai wata ɗamara mai duhu da ta zagaye ƙwan, ni nakan kira shi ƙashin bayan inuwa. Bayansa sai ka ga wuri ya ɗan washe a ƙasan ƙwan. Wannan hasken bai fito daga fitila kai tsaye ba, ya faɗi a kan ƙyallen ne ya dawo. Hasken aro ke nan, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Masu koyo da zarar sun gano shi sai murna ta kama su, su ɗauko farin fensir su zizara. Shi ke nan, ƙwai ya koma kamar na ƙarfe, ko kuma ya baje. Fari ba ya shiga gidan inuwa. In kana son hasken aro ya fito, rage gawayin wurin da magogi, ko ka ƙara duhun abin da ke kewaye da shi.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wurin kam ido yana cin amanar mai shi. Hasken aro yana yi maka kamar mai ƙarfi ne saboda duhu ya kewaye shi. Ga yadda za ka kama ido da ƙarya: huda ƙananan ramuka biyu a jikin guntun kwali, ka riƙe shi yadda rami ɗaya zai faɗa a kan hasken aro, ɗayan a kan ɓangaren haske. Da ka raba su da maƙwabtansu za ka sha mamakin yadda na aron yake da duhu. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ƙanƙance ido har gashin ido ya kusa haɗuwa. Ƙananan abubuwa su ɓace, manyan gidajen biyu su rage. Ni har yau ba na minti biyar ina zane ban ƙanƙance ido ba, har yarana suna kwaikwayona.

Sai inuwar da ƙwan ya jefa a ƙasa. Bakinta yana da kaifi kusa da ƙwan, yana dushewa in ta yi nisa. Wuri mafi duhu a zanen duka shi ne ɗan tsagin da ƙwan ya taɓa ƙyallen, inda haske ba ya samun shiga ta ko'ina. In ka manta da shi ƙwan zai yi ta shawagi.

To mu koma kan fuska, inda ainihin damuwarka take. Yawancin darussan da kake gani a intanet da fatar Turawa ake yin su. Fatarsu a ɓangaren haske ta fi takarda ruwan toka haske, don haka mai zanen yakan shimfiɗa fari a goshi da kumatu da haɓa, kuma ya yi daidai. Kai kuwa ka kwafi wannan ka ɗora a fuskar mutumin Rigasa ko Kawo, wanda fatarsa ko a cikin haske ba ta wuce launin takardar ba, wani lokaci ma ta fi ta duhu. Dole ya yi furu-furu. A fuskar baƙin mutum, takardar ita ce hasken fatar. Gawayi ne zai yi kusan dukan aikin. Fari kuwa sai wuraren ƙyalli: tsinin hanci da doronsa, ɗan wuri a goshi, saman ƙashin kumatu, leɓen ƙasa, ɗigon cikin ido. Fata mai duhu tana nuna ƙyalli fiye da fara, don babu hasken da zai yi gogayya da shi a kewaye, shi ya sa ɗan kaɗan yake isa. Kuma siffar ƙyallin ita ke gaya wa mai kallo yadda ƙashin fuskar yake, saboda haka a zana shi da siffarsa, kada a murje shi ya zama gajimare. Wankan tarwaɗa na iya ɗaukar ɗan fari sama-sama a goshi da kumatu, amma da hannu mai sauƙi, yadda takardar za ta riƙa leƙowa ta ƙarƙashi.

Farin ido ma ba fari ba ne a zane. Ƙwallo ne da ke zaune a ƙarƙashin inuwar fatar ido da gira. Bar shi a launin takarda, ka ɗan taɓa fari a gefe ɗaya. Haƙora ma haka. In ka cika su da fari, mutumin zai fito kamar ya ga abin tsoro.

Abin da na fi so a wannan takarda yana fitowa ne in mutum ya sa fararen kaya. Ka ce dattijo ne da farar shadda da rawani, ranar Juma'a. A fuskarsa takardar tana matsayin haske. A rigarsa kuwa takardar nan dai ita ce inuwa: ka sa alli a inda rana ta faɗa a kan shaddar, lunƙin rigar da ƙarƙashin naɗin rawanin ka bar su takarda tsura, gawayi kaɗan a can cikin lungu. Launi ɗaya, aiki biyu, a zane ɗaya, kuma ido ya yarda. Ranar da ɗalibi ya gane wannan, nakan san ya haye. A nan ne kuma za ka kashe farin da ka yi ta tattali a fuska, ita kuma fuskar sai ta ƙara zama da nauyi saboda farin da ke kewaye da ita.

Tsarin aikin ba shi da yawa. Fitar da siffa da layi mara nauyi. Zana iyakar inuwa kamar kana zana taswira, ka cike ta da duhu ɗaya shimfiɗaɗɗe, ba tare da neman ido ko hanci a ciki ba. Ja da baya ka duba: in kamannin mutumin bai fito a wannan matakin ba, fari ba zai fito da shi ba, gyara tun yanzu. Sannan ƙashin bayan inuwa da wurare masu tsananin duhu. Fari shi ne ƙarshe, ka fara daga wurin da ya fi ko'ina haske, ka tsaya tun kana ganin kamar bai isa ba. Sa takarda a ƙarƙashin hannunka, gumin Kaduna a watan Maris da Afrilu ba ya barin zane lafiya.

Wata matsalar da wataƙila ita ma ta same ka: farin fensir ba ya kama wurin da fensir na gama-gari ya riga ya bi. Bakin fensir haɗin yumɓu ne da wani baƙin ma'adini da ake kira giraffait, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795, kuma giraffait santsi gare shi, in ya cike kaushin takarda sai farin ya yi ta zamewa. Ga shi da ƙyalli in an danna, musamman fensir mai laushi, daga mai lamba 6B zuwa sama, har baƙin ya koma kamar gwangwani in haske ya doke shi. Fensirin gawayi ya fi dacewa da alli, su biyun ba su da ƙyalli. Wanda ake sayarwa da sunan farin gawayi kuwa suna ne kawai, farin gari ne aka haɗa da abin ɗaurewa.

Game da takarda, Canson Mi-Teintes mai nauyin giram 160 tana da fuska biyu, ɗaya mai kaushi kamar saƙar zuma, ɗaya mai ɗan santsi. Don fuska, juya ta ka yi amfani da mai santsin. An rina ta tun tana kwaɓi, kafin ta zama takarda, don haka magogi ba ya cire launinta. Kamfanin Strathmore ma suna da ruwan toka da ruwan ƙasa. Amma kada tsada ko rashin samu ya hana ka aiki. Babban ambulan ruwan ƙasa da ake sayarwa a shagunan kayan rubutu na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya isa koyo, haka bayan kwalin da ya yi sumul. Aibinsu shi ne suna ƙara duhu su yi ƙarfi su karye in sun daɗe, don haka ba a yi wa mai biya aiki a kansu. Kafin ka fara da kowace takarda, ja layin baƙi da na fari a gefe, ka ƙanƙance ido. In farin ya fi tsalle, takardar ta karkata zuwa duhu, ta dace da fuskokinmu. In baƙin ya fi tsalle, mai haske ce, ta fi dacewa da fararen kaya da gine-gine.

Kana iya rina taka. Jiƙa ganyen shayi ya yi kauri, ya huce, ka manne farar takarda mai kauri a katako ta gefe huɗu, ka shafa da faffaɗan buroshi ko soso, daga sama zuwa ƙasa ba komawa baya. Da hunturu yi sauri, don tana bushewa kafin ka kai ƙasa sai ta yi layi-layi. Takardar hoto-kwafi ba ta jure wannan, tanƙwarewa take. Ko kuma ka goge garin gawayi a takarda da auduga har ta yi ruwan toka, sannan ka ciro haske da magogi mai laushin nan da ake murzawa kamar cingam. Wannan rini ba sabon abu ba ne. Wajen shekarar 1400 wani mai zane a Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta yadda ake yi: a ƙona ƙasusuwan kaza har su yi fari, a niƙa, a haɗa da koriyar ƙasa da ɗan farin fenti da ruwan manne, a shafa wa takarda sau da yawa. Shahararren zanen hannaye biyu masu addu'a na Albrecht Dürer, mutumin Jamus, na shekarar 1508, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Albertina a Vienna, a takarda da aka shafa wa shuɗi aka yi shi. Nemo hotonsa ka buɗe shi sosai a waya, ka duba yawan wurin da shuɗin takardar ne kawai yake aiki a bayan hannun, da yadda ya ja farin da siraran layuka masu bin zagayen yatsu. Wannan jan layin ma darasi ne: in ka ja fari layi-layi maimakon murzawa, takarda tana numfashi a tsakani, furu-furu ba ya samun wuri.

In za ka zana da rana, lura da inda muke. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana tana bi ta tsakar ka sosai wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, sauran watannin ma da azahar a sama take. Hasken tsakar rana yana cusa idanu cikin rami, ya jefa inuwar hanci a kan leɓe. Hantsi da bayan la'asar su ne lokacinka. Tsaya daga nesa ka kalli ƙubbar Masallacin Sultan Bello da la'asar sakaliya, za ka ga darasin ƙwan nan gaba ɗaya, da iyakarsa da hasken aronsa. Jar ƙasarmu kuma tana mayar da haske mai ɗumi a ƙarƙashin haɓa da hanci, abin da takarda ruwan ƙasa take bayarwa ba da wahala ba. Da hazo ya sauka a Disamba da Janairu, sararin sama duka ya zama fitila ɗaya mai faɗi, bakin inuwa ya yi laushi, tsanin nan ya taƙaice. Ranar hazo kada ka nemi baƙi ƙirin ko fari ƙal, babu su. A ɗaki kuwa, zaunar da mutum kusa da taga ɗaya ka rufe sauran. In fitila ce, tuna cewa in ka ninka nisanta hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka in ta matso sosai goshi zai ƙone da haske haɓa tana cikin duhu.

Na san yawancin aikin da ake kawo maka hoto ne ake turowa ta WhatsApp, na biki ko na ɗaurin aure. Wanda aka ɗauka da filasha ba shi da iyaka sam, hasken ya daki fuskar ta gaba ya share inuwa. Wayoyin yanzu ma da kansu suke washe inuwa, ga masu tace hoto da ke mayar da kowa fari. In ka kwafi irin wannan a takarda mai launi, ba abin da za ka samu sai toka. Roƙi wani hoton da aka ɗauka a bakin ƙofa ko taga, haske na zuwa ta gefe. In babu, mayar da hoton baƙi da fari a wayarka, ka ƙara masa duhu har gidajen biyu su rabu, sannan ka yanke wa kanka inda iyaka za ta bi.

In ka gama, gawayi da alli suna bin hannu, sai an fesa musu maganin kamawa. Amma feshin yana kashe fari, kamar yadda rubutun jiƙaƙƙen alli yake dushewa a allon aji, sai dai shi wannan ba ya dawowa duka in ya bushe. Saboda haka fesa bayan ka gama baƙi, daga nisan kamar taƙi ɗaya da rabi, sama-sama sau biyu, a waje ba cikin ɗaki ba. Ya bushe, sannan ka sa fari. Man feshin gashi da wasu ke amfani da shi yana sa takarda ta yi rawaya daga baya, bar shi a kan na koyo. Wajen mai firam kuma ka ce ya sa kwali mai taga tsakanin zanen da gilashi, don in suka haɗu, da damina ta kawo laima allin zai koma jikin gilashin.